Ɗan Sabulu da Aljihun Kawu

"Ba zan yi ba, Kawu."

Ban ɗaga murya ba, amma ɗakin ƙarami ne, ƙofa kuma a buɗe take. Sista mai ɗibar jini ta tsaya cak a bakin nata ɗakin da auduga a hannu. Mutanen da ke kan benci suna jiran sakamako suka juyo suna kallon ƙofar.

Kawu ya zare sabon tabaraunsa, ya goge shi da gefen riga, ya mayar. "Uwata, kunnena ne ko kuwa?"

Uwata yake ce mini tun ina zanen goyo. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba.

"Kunnenka lafiya lau, Kawu. Ka ce in mayar da wasiƙun cikin fayil guda kamar da. Ni kuma na ce ba zan yi ba."

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai wurin. Ɗakin gwajin jini ne, ba babba ba: ɗakuna uku, da siririn lungu mai dogon benci, da firiji mai gurnani kamar tsohuwar mage. Gwajin da ya fi ƙarfinmu mukan aika babban ɗakin gwaji, su kuma su turo mana sakamako ta imel, wani lokaci har da hotuna masu nauyi. Duk waɗannan wasiƙu a wuri ɗaya suke sauka, cikin wata 'yar kwamfuta da ke kan katako a saman firijin. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba, shi ya sa kowa ke ce mata Ɗan Sabulu.

Akwai dalilin ƙanƙantarta. Shekarun baya ɓarayi sun fasa wurin, suka yi awon gaba da babbar kwamfutar da ake aiki da ita. Ma'aikata na ta salati, Kawu ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da filash. Duk Juma'a yakan kwafe fayil ɗin wasiƙu a ciki, fayil ɗaya tak, ya jefa a aljihu ya tafi gida. Kafin la'asar ranar ya aro wata kwamfutar, ya zuba fayil ɗin, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Babu taron dangin da bai ba da labarin nan ba. "Gangar jikin suka ɗauka," yakan ce yana dukan ƙirji, "ran yana aljihuna." Bayan haka ne ya sayo Ɗan Sabulu, wai ba ɓarawon da zai kalle shi sau biyu.

Kada a ɗauka Kawu bai san kwamfuta ba. A kan cinyarsa na fara danna haruffa. Shi ya fara raba mini ma'aji da ƙwaƙwalwa tun kafin in ji su a bakin malamai. "Ma'aji sito ne, Uwata," in ji shi, "ƙwaƙwalwa kuwa tire ce. Sito ya kai girman da ya ga dama, abin da tire ta ɗauka shi kaɗai zai iso gaban baƙo." Da na je jami'a na ga an cika allo da bayanin abin nan, dariya ta kusa ƙwace mini. Na gama karatu, na dawo, ya miƙa mini makullin ɗakin firiji yana faɗa wa kowa cewa ya sami magajiya.

Abin da na tarar shi ne tiren Ɗan Sabulu ƙarama ce ƙwarai, fayil ɗin kuwa ya zama gingimari. Wasiƙun shekara da shekaru ne a ɗinke, kan wannan a wutsiyar waccan, kamar bandir ɗin yadin da ba a taɓa sa wa almakashi ba. In Sista tana neman sakamakon mutum ɗaya, manhajar da muke aiki da ita sai ta bi bandir ɗin tun daga farko, tana ɗora shi a kan tire, tana sa alamar inda kowace wasiƙa ta fara. Tire ta cika, ta fara sauke wani a sito tana ɗauko wani, tana kai da kawowa. Sai Ɗan Sabulu ya ɗau zafi, ya sandare. Sista ta zauna ta zuba wa allo ido, mutanen benci su zuba mata.

Kawu na da magani, a ganinsa. Shara yake kiransa. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, zai zauna ya goge wasiƙun talla da na gaishe-gaishe ɗaya bayan ɗaya, don Ɗan Sabulu, wanda yake ce wa yaron nan, ya sami sauƙi. Na sha gaya masa cewa sharar nan ita ta fi komai wahalar da shi. In ka cire ɗan ƙyalle a tsakiyar bandir, dole a sake ɗinke duk abin da ke bayansa. Yana ɗinkin kuma ƙofa a kulle take, sabuwar wasiƙa ko ta gaggawa ce sai ta tsaya a waje. Yakan yi murmushi ya ce, "Uwata, kafin a haife ki nake share wasiƙa."

Wata safiya yana cikin shara aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe Ɗan Sabulu kuma ya riga ya tsufa, bai riƙe ba. Da wuta ta dawo muka tarar wutsiyar fayil ɗin ta guntule. Duk abin da ya shigo bayan Juma'a ya tafi, filash ɗin aljihu kuwa a Juma'a ya tsaya. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wata dattijuwa mai kumburin ƙafa, wadda likita ya ce ba zai canja mata magani ba sai ya ga sakamako. Babban ɗakin gwaji suka yi ta ja mana rai kafin su sake turowa. Ta zo, mu ba ta haƙuri, ta koma. Ta sake zuwa, mu sake ba ta haƙuri. Ba ta taɓa yi mana faɗa ba. Takan dafa bango ta miƙe ta ce, "To 'yata, sai na sake leƙowa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a daɗe ba Kawu ya yi tafiya don a yi masa aikin ido. Yana shiga mota ya nuna ɗakin firiji da haɓa ya ce, "Uwata, ki yi abin da ya kamata da yaron nan." Wataƙila sabon batir yake nufi. Na sa batirin. Sannan na ɗauko almakashi.

Na yanka bandir ɗin, kowace wasiƙa ta zama fayil mai zaman kanta, na raba su folda-folda, kowane wata da tasa. Na ƙirga kafin in yanka, na ƙirga bayan na yanka, ba wadda ta ɓace. Yanzu in Sista na neman sakamako, manhajar za ta leƙa sunayen wasiƙun watan, ta ɗauko guda ɗaya ta ɗora a tire. In an goge wasiƙa, ita kaɗai ta tafi, ba a taɓa maƙwabtanta. Sabuwa kuma ba ta jiran kowa ya buɗe mata ƙofa. Ranar farko Sista ta danna, sakamako ya fito kafin ta gyara zama. Ta waiwayo ta dube ni.

"Ke 'yar boko, me kika ba shi ya ci?"

"Ba abin da na ba shi. Kaya na sauke masa."

Na ɗora tafin hannuna a bayansa. Sanyi ƙalau. Ban ɓoye ba, na ji daɗin kaina ranar, har yau kuma ina ji.

Kawu ya dawo da sabon tabarau da ido mai ruwa-ruwa. Juma'a ta zo, ya soka filash, ya nemi fayil ɗinsa bai gani ba. Abin da ya gani folda ne cikin folda, da dubban fayiloli masu dogayen sunaye. Ya ce a kwafe. Kwafar ta kama tafiyar hawainiya. A nan ya kira ni, a nan ya ba da umarnin, a nan na ba shi amsar da kowa ya ji.

Ya tashi ya tura ƙofar da ƙafa, amma ya makara.

"Zauna," in ji shi. Ban zauna ba, kujera ɗaya ce a ɗakin. "Kin san abin da kika yi? Abu ɗaya da nake gani da idona, in ɗauka in sa a aljihu, kin mayar da shi tsakuwa. Dubi sunayensu, kamar lambar mota. In ɗaya ta faɗi cikin dubban nan, wa zai sani? Katin ajiyar da ke cikin Ɗan Sabulu kina tsammani ba ya gajiya da ƙananan rubuce-rubuce? Kwafar da nake yi kafin in gama ɗaura agogo, yau ga shi ta cinye mini yamma."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na kuma gaya masa haka. "Amma in ɗaya ta faɗi, Kawu, ɗaya ce ta faɗi. A naka in wutsiya ta guntule, na mako guda ne ya tafi. Tiren ba za ta ɗauka ba. Kai ka koya mini."

"Kar ki kawo mini maganata."

"Na rubuta ɗan umarni. Duk Juma'a zai bi wasiƙun ɗaya-ɗaya ya ɗinke maka kwafinsu a fayil guda, ba tare da ya cika tire ba. Ka sa a aljihu kamar kullum."

"In ɓarayi sun dawo fa? In zuba shi aiki ya tashi?"

"Sai an sake yanka shi tukun. Ba wuya."

"Wa zai yanka?"

"Ni. Ko in nuna maka."

Ya daɗe yana kallona ta cikin gilashin nan mai kauri. "Ke za ki nuna mini," in ji shi a hankali. "Wato ba zan buɗe wurina ba sai na aika a nemo ki."

Na ɗauki takarda na rubuta kalmar sirri da manyan baƙaƙe, na ajiye a gabansa. "Wurinka ne, Kawu, na'urarka ce. Ban kulle maka komai ba. In za a mayar, a mayar. Amma ba da hannuna ba. Ni na kalli tsohuwar nan tana dafa bango."

Washegari na tarar an sa mini kujera a lungu, kusa da benci. Aikina ya koma manna takarda a jikin kwalaben jini da kiran layi. Makullin ɗakin firiji bai karɓa ba, amma ya ce kada in shiga sai ya kira ni. Da zai wuce na gaishe shi, ya ce, "Lafiya, Malama." Na waiwaya in ga wace malama ce ta shigo. Babu kowa a bayana.

Haka muka shiga. Na zo kafin kowa, na share lungun, na jera kwalabe. Rubutuna a kan takardun nan ya fi na kowa kyau, da gangan na sa ya fi. Mutanen unguwarmu suna zuwa gwaji su gan ni da gam a yatsa. Wata ƙawar Umma ta kama haɓa ta ce, "Ikon Allah! Duk karatun nan na manna takarda ne?" Na ce mata, "Hajiya, miƙo hannu, ke ce a layi." Wani abokin karatuna ya zo, ya yi kamar bai gane ni ba don kada in ji kunya. Na kira shi da sunan tsokanar da muke kiransa a aji, da ƙarfi, har ya yi tuntuɓe da ƙafar benci. Ba na son a tausaya mini. Ban saci komai ba, ban ɓata komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba kujerar ba ce. Daga inda nake zaune ina jin Sista tana danna abu, sakamako na fitowa nan take, mutum ya karɓa ya tafi. Benci ya daina cika. Ba wanda ya tambayi dalili. In abu ya lalace kowa ya san sunan wanda ya taɓa shi, in yana tafiya daidai sai a ce ai dama haka yake. Kawu ma yana shararsa da safe, yana gogewa ba ko gezau, bai taɓa cewa uffan ba. Duk Juma'a kuma zai shiga ɗakin firiji ya soka filash ya zauna jiran tsakuwarsa, ya ƙi taɓa umarnin da na rubuta. Fitowarsa fuska a murtuke, aljihu a dafe.

A gida Umma ta sa ni a gaba. Tana tsefe wa ƙanwata kai take magana, ba ta ko kallona.

"Ke 'yar nan, yayana ne fa. Shi ya tsaya mana lokacin da ba kowa."

"Na sani, Umma."

"To mene ne a ciki? Ya ce ki haɗa, ki haɗa mana. In ta fashe ai a hannunsa ta fashe."

"Ba a hannunsa take fashewa ba, Umma. A hannun mutanen benci take fashewa."

"Mutanen benci ne suka kai ki makaranta?"

Ta ja gashin ƙanwata har ta yi ƙara. "Wannan taurin kan ba a wajena kika ɗauko ba. Wadda kika ci sunanta ce sak. Ita ma in ta ce a'a, ko gari zai taru." Ta faɗa da faɗa, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Sista ce ta kawo mini hanyar da ta fi kowace sauƙi. Muna wanke hannu a famfo bayan an tashi, ta matso ta rage murya.

"Ke ba ki da wayo ne? Mutumin nan idonsa bai gama warkewa ba. Ɗinka masa ƙaton fayil ɗin, ki ajiye a inda ya saba gani, ki ɓoye foldojinki a wani lungu. Ki ce, Kawu na tuba, na mayar. Ya ɗauka ya sa a aljihu, ke ki koma ɗakinki mai sanyi, ni in ci gaba da samun sakamako. Wa aka cuta?"

"Shi."

"Ta ina? Ba zai taɓa sani ba."

"Ranar da ɓarayi suka dawo zai sani. Zai tsaya gaban ma'aikata ya fito da filash yana dukan ƙirji, ya zuba, abu ya ƙi tashi."

"Ɓarayin da sau ɗaya suka taɓa zuwa?"

"Ko ba su zo ba. Mutumin da ya ɗora yatsuna a kan haruffa ba zan yi masa wasa da ido don idonsa ya raunana ba. Gara ya ji haushina yana sane."

Sista ta yarfe hannu ta goge a jikin farar rigarta. "Allah ya shirye ki. Ku biyun nan, in aka gwada jininku, kan dutse za a gani a ciki."

Na yi dariya, amma a hanyar gida maganarta ta bi ni. Ba ƙarya, na so ɗakina. Na so in ji an ce Uwata. Aikin minti kaɗan ne, na san ma inda zan ɓoye foldojin. Na isa ƙofar gida ina tsara shi a kaina, na cire takalmana na bar shirin a nan tare da su.

Damina ta shigo ta fita ina lungu. Wata ranar da ba ma buɗewa, da hantsi, ya kira wayar Umma, ba tawa ba. "Ki ce wa Malama ta same ni a wurin aiki."

Na tarar da shi a ɗakin firiji, ya jawo kujera gaban allo. A cinyarsa akwai takarda, ya rubuta umarnin mayar da wasiƙun cikin fayil guda kamar da, da hannunsa, da manyan baƙaƙe. Na leƙa. Daidai ya rubuta, sai harafi ɗaya da ya tsallake. Ban san daren da ya ɗauka yana tono abin da ya sani ba.

"Rubutun allon ya yi mini ƙanana," in ji shi, bai dube ni ba. "Karanta mini abin da nake bugawa. Ko shi ma ba za ki yi ba?"

"Zan karanta, Kawu."

Ya fara bugawa da yatsu biyu, ina karanta masa. Da ya iso wurin da ya tsallake harafi na ce, "Akwai saura ɗaya a nan." Ya ɗago ya dube ni, mamaki a fuskarsa. Da na yi shiru, umarnin ba zai yi aiki ba, shi ma ya san haka. Ya ƙara harafin.

Layin ya cika. Saura a danna maɓalli ɗaya. Firiji na ta gurnaninsa, Ɗan Sabulu na ƙifta 'yar koriyar fitilarsa a sama.

"Duba mini nauyin wasiƙun gaba ɗaya."

Na duba na faɗa masa.

"Ƙwaƙwalwar fa?"

Na faɗa masa wannan ma, ko da yake ya fi ni sani, shi ya sayo ta. Na ga leɓensa na motsi. Lissafi yake, irin wanda ya koya mini a bayan ambulan ina 'yar firamare. Nauyin ya ninka tiren ninkin da ba sai an kai ƙarshen lissafin ba. Leɓen ya tsaya.

Ya ɗora yatsa a kan maɓallin, bai danna ba. Ya janye. Ya tura kujerar baya kaɗan, ya buɗe mini hanya.

"Danna."

"A'a, Kawu."

"Ba tambayarki nake ko daidai ne ba. Na ce ki danna."

Sai na gane ba fayil ɗin yake nema ba. Ya riga ya ga amsar. Da na danna, wataƙila kafin Ɗan Sabulu ya fara ɗaukar zafi zai ce in tsayar, in mayar yadda na yi, mu fita tare yana ce mini Uwata. So yake ya ga yatsana ya sauka don shi ya ce. Wataƙila. Amma wataƙila kuma ya bar shi, don kada a ce ya janye, gobe Sista ta zauna gaban allo, benci ya cika. Ba ni da tabbas, kuma ba da jinina ake gwajin ba.

"Don darajar wadda kika ci sunanta," in ji shi. Muryarsa ta yi ƙasa.

Na haɗa hannuwana a baya. "Ko ita ce ta tashi ta ce in danna, Kawu, a'a zan ce mata. In kuma ta ji dalili, ita za ta riƙe mini hannu."

Ya matso, ya sa yatsa a maɓallin gogewa, ya riƙe shi har layin ya ƙare harafi bayan harafi. Ya ninke takardarsa biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihun da filash yake. Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ki bar makullin a kan firiji, Malama. Ki ja ƙofar in kin fita."

Kafin in fita na ɗauki takarda na rubuta yadda ake ɗinka kwafin Juma'a da yadda ake sake yanka shi, da baƙaƙen da suka fi nasa girma, na manna a jikin katakon da ragowar gam ɗin kwalabe. Na ɗora tafin hannuna a bayan Ɗan Sabulu. Sanyi ƙalau. Na ajiye makullin.

Sista takan kira ni jefi-jefi. Ta ce wasiƙun na nan yadda na bar su, kowace a ɗakinta. Ta ce duk Juma'a Kawu yakan tura ƙofa ya tsaya gaban takardar da na manna, ya buga abin da ke jiki, ya fito da wuri da filash a aljihu. Bai cire takardar ba, bai kuma taɓa ambaton wadda ta rubuta ba. An ɗauke wuta ba adadi tun daga lokacin, ba abin da ya guntule. Dattijuwar nan ma ta dawo wani gwajin, ta karɓi sakamako a zama ɗaya, ta tambayi ina 'yar nan mai kyan rubutu.

Ni kuwa na daɗe ina yawo da takarduna a jaka kafin in sami inda zan zauna, kuma wurin bai kai wancan ba. Umma ta rage zuwa gidan yayanta, in ta je ba ta daɗewa, ba ta kuma gaya mini abin da aka ce. A taron dangi Kawu yana ba da labarin ɓarayi har yanzu, amma in na shigo sai ya taƙaita. Nakan durƙusa in gaishe shi kamar kullum, ya amsa ba tare da ya juyo ba.

Na rasa aikin, na rasa ɗakin, na sa mahaifiyata tsakanin 'yarta da yayanta. Mutum ɗaya ne a duniya yake ce mini Uwata, yanzu Malama yake cewa. Abin da a'a ɗin ya ci mini ke nan. Da za a mayar da ni ɗakin firijin nan yau, hannuna a baya zai tsaya.